Tafkin Vida: Rayuwa a Ruwan Gishiri Cikin Ƙanƙarar Antaktika

Tafkin Vida yana cikin kwarin Victoria, ɗaya daga cikin busassun kwaruruwan McMurdo da ke nahiyar Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya. Ƙanƙara ce ta rufe shi shekara da shekaru, kaurinta ya kai aƙalla mita 27. An daɗe ana zaton daskararre ne tun daga sama har ƙasa, sai daga baya aka gano ruwa na kwance cikin tsage-tsagen ƙanƙarar.

Abin da ya hana ruwan nan daskarewa shi ne gishiri. Gishirinsa ya ninka na teku kusan sau shida, shi ya sa yake nan a ruwansa duk da sanyinsa ya kai digiri 13 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos. Hasken rana ba ya isa wurin, babu kuma iskar oksijin. Masana sun ƙiyasta cewa ruwan ya rabu da iskar waje tun kimanin shekara 2,800 da suka wuce.

A shekarun 2005 da 2010 masu bincike daga Amurka sun huda ƙanƙarar suka ɗebo ruwan, tare da tsananta tsafta don kada ƙwayoyin waje su gurɓata shi. A 2012 tawagar Alison Murray ta bayyana sakamakon: akwai ƙwayoyin bakteriya iri-iri a ciki, da ransu, sai dai sanyi ya sa komai nasu a hankali yake tafiya.

Tambayar ita ce, da me suke rayuwa? Ruwan na ɗauke da ragowar halittun da suka mutu tun dā, da kuma iskar haidirojin. Masanan na ganin haɗuwar ruwan gishirin da duwatsu masu sinadarin ƙarfe ce ke samar da haidirojin ɗin, wadda mai yiwuwa ita ce ke ba wasu daga cikin ƙwayoyin kuzari.

Binciken ya shafi neman halittu a wajen duniyarmu. Ana kyautata zaton akwai ruwan gishiri ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupita. Tafkin Vida ya nuna cewa duhu da sanyi da yawan gishiri kaɗai ba su isa a ce babu rai a wuri ba.