Wa Ya Zaɓo Waƙoƙin Shata da Muke Ji?

A watan Nuwamba na 1967 kamfanin Volt na birnin Memfis a Amurka ya tattara waƙoƙi 12 da suka fi fice na Otis Redding, mawaƙi baƙar fata mai kiɗan soul, ya zuba su a faifai ɗaya mai suna History of Otis Redding. Ranar 10 ga Disamba jirgin sama ya faɗi da shi a jihar Wiskonsin yana da shekara 26. Har gobe an san ranar da aka ɗauki waƙoƙinsa da sunayen makaɗan da suka raka shi, domin kamfani ya rubuta ya ajiye.

Labarin waƙoƙin Shata daban ne. Alhaji Mamman Shata na Musawa ya fi rabin ƙarni yana waƙa kafin rasuwarsa a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999. Ya shiga ɗakin ɗaukar murya, kamfanin EMI ya buga masa faifai, Rediyon Kaduna ya kai kalangunsa har ƙauyukan Maraɗi. Amma zaɓaɓɓun waƙoƙin da suka shiga kunnen manomin Ɗan Gulbi a ƙasar Dakoro, mai sayar da kaset ne ya zaɓe su.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya sauya al'amarin. Mai shago a Kano ko Maraɗi zai haɗa rikoda biyu, ya kwafo waƙar Bakandamiya daga wannan kaset, ta Hassan Sarkin Dogarai daga wancan, ya rubuta "Shata" da biro a bayan kwali. Direbobi da fatake su ɗauko ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, ranar kasuwa a baje a tabarma. Waƙar soul minti uku ce, goma sha biyu sun shiga faifai lafiya lau. Ta Shata kuwa takan kai kwatan awa ko fiye, ga shi gefen kaset na C-60 minti 30 ne kacal. Sai ana tsakar jin daɗi, 'yan amshi sun ɗauka, zare ya ƙare, rikoda ta yi ƙas. Da yawa sun girma ba su taɓa jin ƙarshen waƙar da suka fi so ba.

Masu kaset ɗin nan sun yi wa Hausa aiki, ba a raina musu. Sun san abin da jama'a ke nema, kuma ba don su ba da muryar Shata ba ta kwana a gidan talaka. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ya zube a hanya. Shata a tsaye yake ƙirƙirar baiti, shi ya sa Bakandamiyar ma kala-kala ce, kuma kwalin kaset ba ya faɗin wace ce, a wane gari, a wace shekara, wa ya riƙe kalangu. Waƙar Kumbo Apollo 11 kam ta faɗi zamaninta da kanta, tunda a 1969 aka sauka a wata. Sauran sai dai a tambayi dattawa.

A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah, wanda ya tsare tarihin rayuwarsa. Muryar kuwa yanzu ta koma hannun samari masu tura waƙa a mimori, kuma akasarin abin da suke turawa daga tsofaffin kaset ɗin nan aka kwafo shi, har da shuuu ɗin zaren da yankewar waƙa a tsakiya.