Takarda guda, riba daban: daga Ponty zuwa kontiragi

Jama'a, mun sha ganin yara biyu sun gama lakwal tare, takarda iri ɗaya, amma bayan shekara biyar guda yana biro a Yamai, guda yana kabu-kabu a Tasawa. Sai mu ce rabo ne. Rabo gaskiya ne, amma abin yana da tarihi.

Da nasara suka buɗe lakwal, ma'aikata suke nema: tafintoci, akawuna da malaman makaranta. Iyayenmu da yawa sun ɓoye ɗiyansu, har wasu sarakuna suka aika ɗiyan barorinsu a madadin nasu. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, manyan ofisoshi suka bi shi. Daga yankin kogi Boubou Hama da Diori Hamani suka tafi William Ponty a Senegal, suka dawo malamai, daga baya suka riƙe ƙasa. Mu kuwa gyaɗa da fatauci zuwa Katsina da Kano muka kama, alhazan Maraɗi suka yi arziki ba tare da boko ba.

Bayan 1960 mai takarda ƙalilan ne, gwamnati na ɗaukarsa kai tsaye. Ɗan manomi ma ya samu albashi. Amma kusan shekara arba'in jami'ar gwamnati tana Yamai kaɗai, sai a 2010 Maraɗi, Tawa da Damagaram suka samu nasu. Mai kawu a birni ya samu masauki da tuwo, marar kowa sau da yawa ya koma gida.

Da kuɗin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, ɗaukar aiki ta ragu, daga baya aka shigo da kontiragi. Yanzu takarda kaɗai ba ta isa ba. Wanda gidansu ke da hali zai yi sitaj shekara guda babu albashi, ya jira aiki mai tsoka. Ɗan talaka dole ya karɓi na farko, don ana jiran hatsi a gida.

Kar mu ce boko ba ya da amfani. Mu da muka samu wuri, mu tambayi kanmu: yara nawa na ƙauyenmu muka ba masauki, ko muka sanar da su ranar konkur?