Manyan tayoyin taɓo a mota mai giyar otomatik: abin da suke ƙarawa da abin da suke cinyewa

Da zarar damina ta kankama a Kano, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi sauka, lungunan unguwanni irin su Gobirawa da Dogon Nama da Ƙofar Mazugal kan koma taɓo da kwatami. A irin wannan lokaci ne masu motoci kan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da ke ƙaramar hukumar Dala, inda ake sayar da kayan gyaran mota, suna neman tayar da ta fi tasu girma da kaushin haƙora. Hujjarsu ita ce motar za ta ɗaga, cikinta ya daina gugar ƙasa, ta kuma daina kafewa. Akwai gaskiya a cikin wannan hujja, sai dai ba ta kai yawan da ake zato ba, kuma giyar otomatik ce ke biyan kuɗin dabarar.

Yadda ake karanta girman taya

A gefen kowace taya akwai lambobi irin su 195/65 R15, girman da ake samu a Toyota Corolla da dama. Lambar farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu na nufin tsayin gefen tayar kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta. Ta ƙarshe kuwa girman rim ne a inci. Idan aka haɗa lissafin, tsayin wannan taya daga ƙasa zuwa sama ya kai kimanin milimita 634.

Mai motar da ya cire ta ya sa 205/70 R15 ya samu tayar da tsayinta ya kai milimita 668. Bambancin milimita 34 ne, amma rabinsa kawai ke ɗaga mota, domin abin da ke tsakanin tsakiyar wili da ƙasa shi ne ke ƙaruwa. Wato duk ɗawainiyar ta sayo milimita 17, ƙasa da santimita 2, abin da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Ramin da ke haɗiye rabin taya a bakin kwata bai san da wannan ƙari ba.

A gefe guda kuma, tayar ta ƙaru da kashi 5 cikin 100. Allurar maleji za ta nuna kilomita 100 alhali motar na gudun 105, kuma ƙarfin da inji ke turawa ƙasa ya ragu da kusan wannan adadi. Shi ya sa masu sana'ar taya a ƙasashe da dama ke ba da shawarar kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100 na girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba.

Abin da ke faruwa a cikin giya

Babbar taya tamkar tayar da mota ne a giya ta biyu. Direban mota mai giyar hannu yana jin nauyin a ƙafarsa, ya san yadda zai lallaɓa kuloci. Giyar otomatik ba ta da wannan zaɓi. A tsohon samfurinta, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, kuma duk lokacin da taya ta yi nauyin juyawa, man yana ƙara zafi. Zafi kuwa shi ne babban makashin giyar otomatik: yana ƙona mai, ya busar da robobi, ya cinye farantan da ke kama giya. Alamun farko su ne jinkirin shiga giya, da fizga, da man da ya sauya daga ja zuwa baƙi mai ƙauri.

Lamarin ya fi tsanani a samfurin da ake kira CVT, wanda ke cikin yawancin Corolla ƙirar Amurka daga 2014, da Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, da motocin Nissan masu yawa. Wannan giya ba ta da haƙora masu hawa-hawa. Bel ne na ƙarfe ke gudana tsakanin wasu faifai biyu masu buɗewa da tsukewa. Idan taya ta kafe a laka direba ya ci gaba da taka totur, bel ɗin kan zame ya karce faifan, kuma gyaran sau da yawa yana ƙarewa ne da sayen wata giyar sukutum.

Masu babur mai ƙafa huɗu na daji a Amurka da Kanada, inda al'adar manyan tayoyin taɓo ta fi ƙarfi, sun daɗe da sanin wannan. Injinan Polaris da Can-Am na amfani da irin wannan giya mai bel, na roba, kuma wanda ya ƙara girman taya yakan sauya sifirin da nauyin kuloci, ya riƙa shiga laka da ƙaramar giya, in ba haka ba bel ya ƙone. Wato su kan gyara giyar ta dace da tayar. A Kano akasari tayar kaɗai ake sauyawa, a bar sauran motar yadda take.

Sauran asarar ƙanana ce amma tana taruwa: boris da shokozoba na saurin lalacewa, taya na gugar madigadi idan aka murɗa sitiyari zuwa ƙarshe, birki na buƙatar tazara mai tsawo. Ga kuma mai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, duk abin da ke ƙara shan mai ya daina zama ƙaramin magana.

Haƙoran taɓo a kan kwalta

Tayar taɓo ta ainihi, mai alamar M/T, tana da manyan haƙora da faffaɗan gibi domin laka ta riƙa fita yayin juyawa. A hanyar gona ko ta ƙauye, a ƙarƙashin Hilux mai ja da ƙafa huɗu, tana aikinta. Amma motar da ke kwana a Gwammaja tana yin mafi yawan tafiyarta a kan kwalta ne, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta irin wannan taya ba ta kama ƙasa kamar ta gari, domin robar da ke taɓa titi kaɗan ce. Ba ta kuma hana ruwa shiga inji ta bututun iska, wanda shi ne ke kashe motoci a ambaliya.

Akwai kuma batun inda tayar ta fito. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma dogaro da na waje. Tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma 'yan Kwatano cike suke da kasuwanni, kuma mai neman babbar taya da araha can yake ƙarewa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan alamar DOT suna faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, na ɗaukar tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, komai kyawun haƙoranta.

Taɓon na waye?

Tsohon birni yana da kududdufai da yawa da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke tara ruwan sama kafin ya gangara Jakara. An cike da yawansu an yi gini a kai, kwatoci kuma sun toshe da leda, ruwa ya koma bin titi. Mai mota da ke sayen babbar taya yana biyan kuɗin magudanar da ba a gina ba ne daga aljihunsa, shi ma ɗan A Daidaita Sahu, wanda tayarsa mai rim inci 8 ba ta da wurin ƙari, yana biya da lokacinsa da kafaɗarsa wajen turi.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da tituna da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma Dala, mai hedikwata a Gwammaja da mazaɓu 12, na cikinsu.