Shekarar da Kano Ta Ƙi Ɗigon Shan-inna

'Yan uwana mata, da yawanmu mun ga ranar da masu ɗigon shan-inna suka yi sallama, maigida ya ce a faɗa musu babu yara a gidan. To, abin nan yana da tarihi.

A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Arewa. Kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Zana na Kano. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara kuwa, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Saboda haka da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a, ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad, ta ce a 2003 akwai sinadarin hana haihuwa cikin ɗigon, nan da nan magana ta karɓu. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da shi. Gwamnatin Tarayya ta sa aka gwada, ta ce lafiyarsa ƙalau, amma ina! Abuja ke kawo magani, jiha ke ba da izini, ma'aikatan ƙaramar hukuma ke bin gida-gida, sai ga shi kowa ya ja tunga. Sai a Yulin 2004 Kano ta yarda, bayan kwamitinta ya gamsu da maganin ƙasar Indonesiya.

Wa ya ji a jikinsa? 'Ya'yanmu. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 cutar ta kama a Nijeriya, kuma daga nan ta yaɗu har Sudan da Yaman.

Daga baya hukuma ta gane cewa umarni ba ya buɗe zaure. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa bisa jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, saƙo ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, dagaci, har mai unguwa. Malamai suka sa baki. Matan FOMWAN, ƙungiyar da aka kafa a Minna a 1985, suka shiga inda namiji ba ya shiga, suna yi wa uwa bayani a tsakar gidanta. Aikin bai tafi kyauta ba: a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe masu ɗigo tara a Kano, Allah Ya jiƙansu.

Rabon da a ga asalin ƙwayar cutar a ƙasar nan tun 2016, a Borno. A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita, ko da yake akwai wani nau'in da ya sa har yau ake ɗigo.

To 'yar uwa, kin ga gwamnati hawa uku ce, amma ƙofar ƙarshe taki ce. In an zo miki da abu, ki yi tambaya har ki gamsu, haƙƙinki ne. In kin gamsu kuma, ki leƙa ki faɗa wa maƙwabciya. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.