Bukukuwan Dagomba a Tamale da Alaƙarsu da Watannin Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Dagomba, mutanen Tamale da Yendi a arewacin Gana, suna lissafin shekara da wata, kuma watanninsu goma sha biyu suna tafiya daidai da na Hijira. Musulunci ya kafu a fadar Dagbon tun zamanin Naa Zangina, wajen shekarar 1700, shi ya sa manyan bukukuwansu suke rataye da wannan lissafi. Kowace shekara suna matsowa da kimanin kwana 11, sai su zagaya rani da damina. Mabiya addinin Buda a ƙasar Tailan kuwa sukan ƙara wata guda a wasu shekaru, domin bukukuwansu na wata su tsaya a lokaci ɗaya na shekara.

Bugum. Ma'anarsa wuta. Ana yin sa daren tara ga Muharram. Jama'a suna kunna tunkun ciyawa, su bi gari da kiɗa, sannan su jefa wutar a kan wata bishiya a bayan gari. Wasu suna cewa asalinsa ɗan sarki ne ya ɓata, aka neme shi da wuta, aka same shi yana barci a gindin bishiya. Wasu suna danganta shi da saukar jirgin Annabi Nuhu (AS). Abin da ya tabbata a Sunna game da Ashura shi ne azumi, don godiya ga Allah da Ya tserar da Annabi Musa (AS).

Damba. Ana yin sa a Rabi'ul Awwal. Somo Damba na tuna haihuwar Manzon Allah (SAW) ne, Naa Damba kuma, mako guda bayansa, na tuna suna. Washegari ake Belkulsi, wato ban kwana, da hawan dawakai. A yau ya fi kama da bikin sarauta: makaɗan lunsi suna jero tarihin sarakuna, sarki ya fito ya taka rawa. Malamai sun yi saɓani kan hukuncinsa, kamar yadda suka yi kan Maulidi.

Konyuri Chugu da Chimsi Chugu. Su ne Ƙaramar Salla da Babbar Salla. Na farkon yana nufin bikin shan ruwa.

Waɗannan bukukuwa ba wasa ba ne ga zaman lafiya. Taƙaddama kan Bugum tsakanin gidajen sarautar Abudu da Andani tana cikin abin da ya haddasa rikicin Yendi na Maris 2002, inda aka kashe Ya Na Yakubu Andani II. Sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya Na.

Don haka ɗalibi ya rarrabe ibada da al'ada, ya yi wa mutane bayani da ilimi da tausasawa, kada harshensa ya zama makamashin fitina. Allah Ya datar da mu.