Goyon Bayan Ƙwallon Ƙafa a Ƙasar Hausa

Goyon bayan ƙwallon ƙafa shi ne mutum ya ɗauki wata ƙungiya tamkar tasa, yana bin wasanninta, yana murna da nasararta, yana jin zafin faɗuwarta, ko da bai taɓa taka filinta ba. A ƙasar Hausa abin ya rabu gida biyu. Akwai goyon bayan ƙungiyar gida, irin su Kano Pillars da Katsina United, akwai kuma na ƙungiyoyin Turai da ake kallo ta tauraron ɗan'adam. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da biyun, kuma a duka biyun tambayar da ke ƙasan zuciyarsa ɗaya ce: wane ne namu a cikin fili?

Asali

Rabuwa ɓangare-ɓangare a wajen wasa ta girmi ƙwallo a ƙasar Hausa. A dambe 'yan kallo sun daɗe da sanin Kudu da Jamus da Guramada, kowa da ɓangaren da yake wa kirari. Ƙwallo ta shigo ne a zamanin Turawa, ta makarantu da barikin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa, sannan ta bazu cikin unguwanni. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano aka kafa Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Kirarinta na "Sai Masu Gida" yana da tushe, domin ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida a wasan gasa ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya wannan tarihi.

Katsina United, wadda a da ake kira Spotlights, tana wasa a filin Muhammadu Dikko da ke birnin Katsina. Haɗuwarta da Pillars takan yi zafi, har a 2022 aka lalata motar 'yan wasan Katsina a Kano, hukuma ta ci tarar Pillars ta kuma rage mata maki. A ƙarshen kakar duka biyun suka faɗa rukuni na ƙasa, suka kuma dawo tare a 2023.

Gidan kallo

Abin da ya sauya al'amarin shi ne tauraron ɗan'adam. An fara gasar Firimiya ta Ingila a 1992, kuma ba da jimawa ba tashoshin SuperSport suka fara kawo ta Najeriya a kan DStv. Kuɗin na'ura da na wata-wata sun fi ƙarfin talaka, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, don haka aka sami gidan kallon ƙwallo, wanda matasa ke ce wa gidan bal. Rumfa ce ta kwano ko ta zana, da bencina a jere, da talabijin biyu ko uku a gaba, da janareta a baya yana ruri. A bakin ƙofa akwai allo da aka rubuta wasannin ranar da alli, da yaro mai karɓar kuɗin shiga. Idan manyan wasanni biyu suka zo lokaci guda sai a raba talabijin, a bar sautin wanda ya fi jama'a.

Agogon Turai ne ke tsara yammacin mai goyon baya. Wasan Asabar da ake farawa ƙarfe 3 a Ingila yakan zo ƙarfe 4 a Najeriya a lokacin hunturunsu, wato bayan La'asar, na bayansa kuma ya ci karo da Magariba, shi ya sa ake ganin bencina sun yi fili na ɗan lokaci sannan su sake cika. Wasannin gasar Zakarun Turai sukan kai kusan 11 na dare. Washegari musun ya koma teburin mai shayi da majalisa, inda ɗan Arsenal da ɗan Chelsea ke zolayar juna kamar yadda Bakano da Bazazzagi ke wasan barkwanci: da zafi a baki, amma da iyakar da kowa ya sani. Wani lokaci akan ƙetare iyakar a kai ga doke-doke, abin da ke ƙara wa iyaye da malamai hujja a kan gidajen kallo, bayan kukan da suke yi na ɓata lokaci da caca.

A yammacin Katsina, a garuruwa da ƙauyukan Batsari da Safana irin su Darini, dare ba shi da sauƙin da yake da shi a birni. Yankin yana bakin dajin Rugu, kuma hare-haren 'yan bindiga sun sa taron dare ya zama abin tsoro. A 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. An ɗauki matakan ne don 'yan bindiga, sai dai janareta ma da jarka ake kai masa mai, sakamakon wasa kuma a waya matasa ke duba shi. A irin wannan hali rediyo ne ke cike gurbi, musamman sharhin wasanni da ake yi da Hausa. A arewa maso gabas abin ya fi muni: a watan Yunin 2014 bam ya tashi a wani wurin kallo a Damaturu ana tsakiyar wasan Brazil da Meziko na gasar cin kofin duniya.

Ɗan wasa baƙo

A Ingila, zuwan 'yan wasan ƙasashen waje ya tayar da muhawara mai tsawo. Hukuncin Bosman na Disambar 1995 ya soke ƙayyade yawan 'yan Tarayyar Turai da ƙungiya za ta iya sakawa, kuma ranar 26 ga Disamba, 1999, Chelsea ta fito wasa da Southampton da mutum 11 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya. Jaridu suka yi ta tambaya ko ƙungiyar da ba ta da ɗan gari za ta ci gaba da wakiltar garin.

A ƙasar Hausa wannan jeri na Chelsea wata ma'ana ya bayar, domin a cikinsa akwai Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna. Wanda Bature ke kira baƙo, shi ne ɗan gida a idon mai kallo a Kano ko Dutsinma. Ta wannan ƙofa mafi yawan soyayyar ƙungiyoyin Turai ta shigo. Daniel Amokachi, wanda ya taso a Ranchers Bees ta Kaduna, ya ci kofin FA da Everton a 1995. Tijjani Babangida ya koma Ajax a 1996. Nwankwo Kanu ya je Arsenal a 1999, kuma ƙwallaye ukun da ya zura wa Chelsea a watan Oktoban shekarar sun jawo wa Arsenal masoyan da har yau ba su bar ta ba. Chelsea ta sami nata rabon ta hannun Mikel Obi, ɗan Jos, da Didier Drogba da Michael Essien. Abin lura shi ne ɗan wasan yakan tafi, goyon bayan ya zauna, har ƙane ya gada daga wa.

"Namu" ɗin kuma yana da hawa-hawa. Wani lokaci ɗan Arewa ne, wani lokaci ɗan Najeriya, ko baƙar fata, ko Musulmi. Sujadar da Mohamed Salah da Sadio Mane suka riƙa yi bayan cin ƙwallo a Liverpool ta sa mutane da dama da ba ruwansu da ƙungiyar suka fara yi mata fatan alheri.

A gida ma haka lamarin yake, ta wata fuskar. Pillars da Katsina United suna ɗaukar 'yan wasa daga kudu da maƙwabtan ƙasashe, kuma 'yan kallo ba sa tambayar yare ko addini matuƙar mutum yana zuba gumi a cikin rigar. Kofin Pillars na farko Kadiri Ikhana ne ya ciwo shi, na 2014 kuma Okey Emordi, dukansu masu horarwa daga kudu. A gari irin Kano, da ya sha ganin rikicin ƙabilanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka ɗan gari yana da matsayi na daban. Rabi'u Ali, da ake wa laƙabi da Pele, ya zama fuskar Pillars saboda daɗewarsa. Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya tafi Turai, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014 da Iceland biyu a ta 2018, sannan ya dawo Pillars a 2021, aka tarbe shi tarbar ɗan da ya dawo daga fatauci.

Nazari da hoto

Masana halayyar jama'a a Birtaniya sun fara da nazarin tarzomar magoya baya, daga baya suka koma kan asali da kasuwanci. A 2002 Richard Giulianotti ya kasa 'yan kallo gida huɗu, daga wanda ya gaji ƙungiya a unguwarsa zuwa wanda ke yawo tsakanin ƙungiyoyi ta talabijin. Rabon bai zauna daidai a kan mai goyon bayan gidan kallo ba, domin shi ta talabijin kawai ya san ƙungiyarsa, amma riƙonsa irin na ɗan gado ne. Gerard Akindes, ɗan Jamhuriyar Benin, ya bayyana wuraren kallo na biranen Afirka a matsayin filayen wasa na wani salo, kuma shi da Chuka Onwumechili sun shirya littafi a 2014 kan asali da ƙasa a ƙwallon Afirka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2021 ya gano cewa laifukan ƙiyayya sun ragu da kashi 16 cikin 100 a yankin Liverpool bayan zuwan Salah.

Masu ɗaukar hoto ma sun ba da gudummawa ta hanyar juya kyamara daga fili zuwa jama'a. Stuart Roy Clarke ya shafe shekaru yana ɗaukar 'yan kallon Birtaniya tun bayan bala'in filin wasa na Hillsborough a 1989, Jessica Hilltout kuma ta zaga ƙauyukan Afirka kafin gasar cin kofin duniya ta 2010 tana ɗaukar ƙwallayen tsumma da ragar itace. Irin wannan aiki a ƙasar Hausa yana da sharuɗɗansa. Gidan kallo duhu ne, hasken talabijin kaɗai ke faɗa wa fuskoki. Taron kusan duk maza ne, don haka matan da ke bin wasa a gida ta rediyo da waya ba sa shiga hoton. A yankunan da ke fama da rashin tsaro kuwa, sai an nemi izinin mai gari da na mai gidan kallo kafin a fito da kyamara.