Ina za a zauna bayan ritaya? Abubuwan da 'yan Batsari da Safana mazauna waje ke aunawa

A da, tambayar inda mutum zai ƙare rayuwarsa bayan ya ajiye aiki ba ta da wuyar amsawa ga ɗan Batsari ko Safana. Ma'aikacin da ya yi shekaru a Kaduna, da ɗan kasuwar da ya tsufa a Kumasi, da direban da ya daɗe a Jidda, duk gida suke komawa. Ana gina ɗakuna a unguwar iyaye, a sayi gona da 'yan dabbobi, a jira lokaci. Tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a yammacin Jihar Katsina, lissafin ya sauya. Wanda ke waje yana tunanin ko ya ci gaba da zama inda yake, wanda ke cikin Najeriya kuma yana tambayar ko fanshonsa zai riƙe shi a wata ƙasa. Ga bayanin abubuwan da suka kamata a sani kafin a yanke shawara.

Abin da ya sauya a gida

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu ne, wanda ya miƙe har cikin Jihar Zamfara, kuma ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. A watan Fabrairun 2020 aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Batsari, inda 'yan sanda suka ce an kashe mutum 30. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla da 'yan bindigar a 2019 bai ɗore ba. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, aka kuma taƙaita cinikin dabbobi a kasuwannin yankin.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a Oktoban 2023, sannan a 2025 aka yi zaman sulhu a matakin al'umma a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Jibiya, Batsari da Safana. Sai dai wanda ya ga yadda sulhun 2019 ya ƙare zai so ya ga damina biyu ko uku sun wuce lafiya kafin ya zuba garatutinsa a gini. Akwai kuma wani haɗarin da ya keɓanta da mai dawowa daga waje: ana yi masa kallon mai kuɗi, ko da abin da ya zo da shi bai taka kara ya karya ba.

Izinin zama kafin komai

Tambaya ta farko game da kowace ƙasa ita ce ko doka ta yarda mutum ya zauna bayan ya daina aiki. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, takardar zama a mafi yawan lokuta tana rataye ne da aiki. Ranar da kwantiragi ya ƙare, ranar ce kwanakin zama suka fara ƙarewa, ko da mutum ya shekara talatin a ƙasar.

A Afirka ta Yamma, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Zama na dindindin kuwa sai da katin izinin zama na ƙasar da aka sauka. Abin da ke sauƙaƙa wa ɗan Najeriya shi ne Sashe na 28 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ƙwace wa wanda aka haifa ɗan ƙasa haƙƙinsa ba don ya karɓi takardar zama ɗan wata ƙasa.

Fansho da darajar kuɗi

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 da 40. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wadda hukumar PenCom ke kula da ita, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Bayan ritaya, mutum na zaɓar ko kamfanin fanshonsa ya riƙa biyansa wata-wata daga asusunsa, ko ya sayi tsarin biya na har ƙarshen rayuwa daga kamfanin inshora. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi suna bin dokar jiharsu ne, tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke kan tsohon tsari kuma suna ƙarƙashin hukumar PTAD, wadda ke neman mai fansho ya riƙa tabbatar da cewa yana raye lokaci zuwa lokaci.

Duk waɗannan kuɗaɗe da Naira ake biyansu, kuma a nan gizo ke saƙa. A watan Mayun 2023 Dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na wannan shekarar, farashin ya haura 1,500 a farkon 2024. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da Dala a kan 3.75, Sefa kuma a ɗaure take da Yuro a kan 655.957. Ke nan fanshon Naira 100,000 da ya kai kusan Riyal 815 a tsohon farashi ya koma Riyal 250 a sabon. Mai karɓar Naira yana kashe Riyal ko Sefa, faɗuwar Naira a kansa take ƙarewa. Mai karɓar Fam ko Dala yana kashe Naira kuwa, riba ce a gare shi, duk da hauhawar farashin kaya na cin wani ɓangare nata.

Saudiyya

Ƙasar da ta fi kwanta wa dattawan Hausawa a rai ke nan, saboda burin ƙare rayuwa kusa da Harami. Amma baƙon ma'aikaci ba ya cikin tsarin fanshon ƙasar. Abin da dokar ƙwadago ta tanadar masa shi ne ladan kammala aiki: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sai cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Mai ɗaukar Riyal 3,000 da ya shekara 20 zai tashi da Riyal 52,500, sau ɗaya tak. Masu aikin gida, irin su direbobin iyali, ƙa'idarsu daban ce.

Tun 2019 ƙasar ta ɓullo da iƙama ta musamman wadda ba ta buƙatar mai ɗaukar nauyi, a kan Riyal 800,000 ta dindindin ko Riyal 100,000 a shekara. Iyalin da ke zaune a ƙarƙashin iƙamar ma'aikaci kuma ana biya wa kowane mutum harajin Riyal 400 a wata, adadin da ya zarce fanshon Naira 100,000 da aka lissafa a sama. Wanda ya shiga da bizar Umara ya ƙi fita yana fuskantar kamu da tara da kora, kuma zuwa asibiti kan zame masa abin fargaba, daidai lokacin da tsufa ya fi buƙatarsa.

A maƙwabciyarta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa akwai bizar ritaya ta shekara biyar ga wanda ya kai 55, amma sai ya mallaki gida ko ajiyar Dirhami miliyan ɗaya, ko ya nuna kuɗin shiga mai kauri duk wata. Dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza da ƙasar ta yi daga 2022 zuwa 2024 ya nuna yadda ƙofa ke iya rufewa ba tare da an shawarci kowa ba.

Jamhuriyar Nijar

Maraɗi ce ƙasar waje mafi kusa da ɗan Batsari, ta hanyar Jibiya. Harshe ɗaya ne, abinci ɗaya, ga auratayya. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar garin, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Tun 2019 dubban mutane daga Katsina, Zamfara da Sakkwato suka yi gudun hijira zuwa jihar.

Duk da haka iyaka iyaka ce. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da har sai an cimma sabuwar matsaya. Dattijon da likitansa ke Katsina, bankinsa ke Katsina, ya kamata ya tambayi kansa yadda zai yi idan aka sake datse hanya wata takwas. Su ma ƙauyukan yankin Madarunfa da ke bakin iyaka ba su tsira daga 'yan bindigar ba.

Sudan da Ghana

Waɗannan ƙasashe biyu suna da tsofaffin al'ummomin Hausawa, kuma tarihinsu darasi ne. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci mabiya zuwa Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a gefen kogin Nilu. Bayan fiye da shekara ɗari, a 2022, rikici kan filaye da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Blue Nile, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Daga 15 ga Afrilun 2023 yaƙin basasa ya mamaye ƙasar, har sai da gwamnatin Najeriya ta kwaso 'yan ƙasarta.

Ghana tana cikin zaman lafiya, zangunan Kumasi da Accra kuma cike suke da masu jin Hausa. Amma a Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su fice, wasunsu a can aka haife su. Dokar zuba jari ta ƙasar ta 2013 ta gindaya wa baƙon da ke son saye da sayarwa jarin Dala miliyan ɗaya, dalilin da ya sa aka riƙa kulle shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Ɗan kasuwar da ke shirin riƙe ƙaramin shago a tsufansa ya san da wannan. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne.

Birtaniya da Amurka

Likitoci da malaman jami'a da sauran masu aiki a waɗannan ƙasashe matsalarsu ta fuskar dawowa ce. Birtaniya na biyan fanshon gwamnati ga wanda ya cika aƙalla shekara 10 yana zubi, ko da ya koma Najeriya, amma ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da mazauna can ke samu. Izinin zama na dindindin kuma yana faɗuwa idan mutum ya shekara biyu a jere ba ya ƙasar. A Amurka, wanda ba ɗan ƙasa ba ana iya tsayar da kuɗin tsufansa bayan wata shida a waje, in ba ya cikin waɗanda doka ta keɓe, kuma inshorar lafiyar tsofaffi ba ta biyan magani a ƙetare.

Asibiti da mai jinya

Hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda ba sa jiran a buɗe hanya. Manyan asibitocin jihar, wato Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, a birnin Katsina suke. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, jihar kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, don haka mai dawowa ya nemi rajista tun kafin ciwo ya zo.

A waje ana iya samun asibiti mafi inganci, amma wanda zai kwana da majinyaci, ya ɗaga shi, ya kai shi masallaci, kuɗi ne mai yawa a can, a gida kuwa zumunci ne ke ɗaukar nauyin. Wannan ma sai an bincika, domin 'ya'yan da aka haifa a Jidda ko Landan ba lallai su yarda su biyo mahaifinsu ba. Shawarar da ba a yi da uwargida da yara ba takan bar dattijo shi kaɗai a babban gida.

Gona da gado

Ko a ina mutum ya zaɓa, dukiyarsa ta ƙauye na buƙatar takarda. Dokar filaye ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar filayen karkara. Gonar da aka bari shekaru saboda tsoro, iyakokinta kan ɓace, dattawan da suka san su kuma suna ƙarewa. Rubuta iyakoki a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu, da raba gadon da aka daɗe ana jinkirtawa, ya fi sauƙi yau a kan ranar da 'ya'yan da ba su san garin ba za su tsaya a gaban alƙali. Wanda ke da kadara a wata ƙasa kuma ya binciki dokar gadonta, domin a Birtaniya da Amurka ba a rabo bisa shari'ar Musulunci sai mamaci ya bar wasiyya a rubuce.

Matsakaiciyar hanya

Idan aka haɗa waɗannan ma'aunai, mai fanshon Naira zai ga cewa zama a ƙetare ya fi ƙarfin aljihunsa, in ba yana da ɗa mai ɗaukar nauyinsa a can ba. Mai fanshon kuɗin waje kuwa zai fi sakewa a Najeriya, matuƙar ya kammala takardunsa na can kafin ya taso. Ga ɗan Batsari ko Safana, zaɓin da ya rage tsakanin ƙauye da ƙetare shi ne zama a Katsina, Dutsin-Ma ko Kano, inda ba a neman iƙama, asibiti na kusa, kuma ana iya zuwa ɗaurin aure ko jana'iza a gida a dawo a yini guda. Kama haya na shekara ɗaya kafin a sayi gida yana ba mutum damar gwada wurin ba tare da ya saki reshe ya kama ganye ba. In zaman lafiyar yankin Rugu ya tabbata, gonar da aka yi wa takarda tana nan tana jiran mai ita.